Na samu ƙaruwa a Amurka: nawa ne kuɗin harajin jariri, kuma wa ke da haƙƙin karɓa?

Tambaya: Malam, ina zaune a Bronx, ina aikin albashi a wani sito, abin da ke shigo mini a shekara dala 42,000 ne. Iyalina ta sauka a watan Nuwamba na 2025, mun samu ɗa namiji. Ita ba ta aiki, amma dukkanmu muna da katin zama da lambar soshiyal, wato lambar Social Security. Wani ya ce mini kuɗin wata biyu kawai za a ba ni tunda a ƙarshen shekara aka haihu. Wani ya ce dala 300 ake biya duk wata. Wani mai cike takardun haraji kuma ya ce in rubuta cewa ni kaɗai ke riƙe da gida, zan fi samu. Ina kuma da 'ya 'yar shekara tara a Kumasi wajen mahaifiyata, ni ke aika mata komai. Ina gaskiyar maganar?

Amsa: Barka da arziki, angon ƙarni. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiyar shayarwa.

Na wata biyun ya fi sauƙin warwarewa, bari in fara da shi. Ba a yanka wannan kuɗi, wato rangwamen harajin da gwamnatin tarayya ke yi wa masu yara, wata-wata. Jaririn da ya zo duniya daren 31 ga Disamba da wanda aka haifa 1 ga Janairun shekarar, a wurin hukumar harajin Amurka, wato IRS, duk ɗaya ne. Sharaɗin shi ne gidanka ya kasance gidansa a fiye da rabin kwanakin da ya yi a duniya cikin shekarar, kuma kwanakin da ya yi a asibiti bayan haihuwa ana lissafa su kamar a gida ya yi su. Ɗan Nuwamba na da cikakken rabonsa, dala 2,200 a harajin shekarar 2025.

Amma "dala 2,200" ba tana nufin za a miƙo maka cak na dala 2,200 ba, kuma a nan ne mutanenmu da yawa ke ruɗewa. A harajin Amurka abu biyu ne masu kama da juna. Akwai abin da ake cirewa daga kuɗin shigarka kafin a yanka maka haraji, akwai kuma abin da ake zabgewa daga harajin kansa bayan an riga an yanka. Na yara irin na biyun ne, shi ya sa yake da nauyi: kowace dala a cikinsa dala ce sukutum a aljihunka. Aikinsa na farko shi ne ya kashe bashin harajin da ke kanka. Idan ya kashe bashin ya yi saura, sai a dawo maka da saurar, amma da iyaka: ba za ta wuce dala 1,700 a kan kowane yaro ba, kuma ba za ta wuce kashi 15 cikin 100 na abin da ka samu da guminka sama da dala 2,500 ba.

Mu ɗora shi a kan albashinka, da zaton dala 42,000 ɗin ita ce ke rubuce a akwatin farko na takardar W-2 da wurin aikinka zai ba ka. Miji da mata da suka cike takarda ɗaya tare, dala 31,500 ta farko ba a taɓa ta a 2025. Saura 10,500. Harajinta kashi 10 cikin 100 ne, wato dala 1,050. Da ba a yi haihuwar nan ba, wannan 1,050 ɗin ta tafi ke nan. Yanzu kuwa rangwamen yaro ya shafe ta, ya rage 1,150, kuma wannan ba ta kai iyakar 1,700 ba, don haka za a dawo maka da ita duka. Sannan duk abin da aka riƙa tsakura daga albashinka da sunan harajin kuɗin shiga na tarayya tun Janairu, shi ma zai dawo, tunda bashin ya zama sifili. Na soshiyal, wato na fanshon tsufa, da na Medicare, wato inshorar lafiyar tsofaffi, da ake cirewa daban, waɗannan ba sa dawowa.

Abin da abokan hirarka ba su ambata ba shi ne wanda ya fi tsoka a wurinka. Akwai wani rangwame da ake kira EITC, wanda aka kafa tun 1975 domin ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi. Mai aure marar ɗa da ke samun dala 42,000 ba ya samun ko sisi daga cikinsa. Da zuwan ɗa ɗaya sai ƙofa ta buɗe: mafi yawan abin da ake bayarwa a 2025 dala 4,328 ne, yana raguwa a hankali yayin da albashi ke hawa, har ya ƙare a wajen dala 57,500 ga ma'aurata. A matakinka zai kama kusan dala 2,500, kuma shi duka ake biya ko ba a bin ka haraji. In ka haɗa biyun, haihuwar nan ta sauya lissafinka da gwamnatin tarayya da kusan dala 4,700. Jihar New York kuma tana da nata: daga harajin 2025 ta ɗaga na yaron da bai kai shekara huɗu ba zuwa dala 1,000, tana kuma ƙara maka kusan kashi 30 cikin 100 na abin da ka samu a EITC na tarayya. Ba kowace jiha ke da irin wannan ba. Ɗan'uwanka da ke Texas, inda babu harajin kuɗin shiga na jiha gaba ɗaya, na tarayya kawai zai gani.

Duk wannan lissafi a kan abu ɗaya ya rataya, lambar soshiyal ta jaririn. Yawanci a asibiti, lokacin cike takardar haihuwa, ake tambaya ko kuna son a nema masa, sai katin ya iso ta gidan waya bayan 'yan makonni. Mu kuma al'adarmu sai ranar bakwai ake raɗa suna, shi ya sa wasu iyayen kan bar asibiti ba su kammala takardar ba, daga nan hidimar suna da ta baƙi ta ɗauke hankali, a manta. Duba yau ka ga ko katin ya zo. In bai zo ba, ka je ofishin soshiyal da takardar haihuwa ka cike fom SS-5. Doka ta ce sai an fitar da lambar kafin ranar rufe karɓar takardun haraji, wato 15 ga Afrilu. Idan ka ga ranar na matsowa babu lamba, ka nemi ƙarin wa'adi da fom 4868, wanda zai kai ka 15 ga Oktoba. Wanda bai nemi ƙarin ba, lambar kuma ta fito bayan wa'adi ya wuce, kuɗin wannan shekarar ya kuɓuce masa, gyaran takarda daga baya ba ya dawo da shi.

Ku biyun kuna da lamba, don haka kun tsallake wani sabon shinge da aka kafa a 2025. Zan faɗe shi saboda masu karatu da abin ya shafa. A da, iyaye masu lambar ITIN, wadda ake ba wanda bai cancanci soshiyal ba, suna iya karɓar na yaro matuƙar shi yaron yana da soshiyal. Dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta sauya wannan. Yanzu dole mai cike takardar ya kasance da soshiyal mai izinin aiki, in kuma miji da mata ne tare, aƙalla ɗayansu. EITC ya fi tsanani, shi sai miji da mata da yaro duk suna da ita. Gidan da miji ke da soshiyal matar kuma ITIN, za su samu 2,200 ɗin amma ba za su samu EITC ba. Rangwamen yara na jihar New York kuwa yana karɓar ITIN.

Mai maganar dala 300 duk wata bai yi ƙarya ba, labarin 2021 yake ba ka. Wannan rangwame ya fara ne da dokar 1997 a zamanin Bill Clinton, dala 400 a 1998, ya kai 1,000 a 2003, aka ninka shi zuwa 2,000 a dokar 2017. A 2021, ana tsakiyar annobar korona, gwamnatin Biden ta ɗaga shi zuwa 3,600 ga yaron da bai kai shida ba, 3,000 ga na sama da haka, ta cire sharaɗin sai kana da albashi, ta kuma riƙa tura rabinsa wata-wata daga Yuli zuwa Disamba. Daga nan dala 300 ɗin ta fito. A shekarar, ƙididdigar hukumar ƙidaya ta Amurka ta nuna talaucin yara ya sauka zuwa kashi 5.2 cikin 100. Majalisa ba ta sabunta tsarin ba, a 2022 adadin ya koma 12.4. Tun daga lokacin babu biyan wata-wata, sau ɗaya ake samu bayan an cike takarda.

A ganina tsarin na yanzu yana da wata karkata da ya kamata mai jego da angonta su sani. Ma'auratan da ke samun har dala 400,000 a shekara suna karɓar 2,200 cif, sai sun haura nan ake fara rage dala 50 a kan kowace dubu. Ma'auratan da ke samun 30,000 kuwa, tunda ba a bin su harajin da za a kashe, 1,700 kawai za su gani. Sai sun kai wajen 36,500 za su cika 2,200. Matar da ita kaɗai ke riƙe da jaririnta, ta ajiye aiki saboda laulayi da jego har abin da ta samu a shekarar bai wuce 10,000 ba, nata 1,125 ne. Wadda ba ta yi aiki ko kaɗan ba, babu komai. Wato shekarar da gida ya fi buƙata, shekarar haihuwa, ita ce shekarar da rabon talaka ya fi ƙanƙancewa. Masu kare tsarin suna cewa an yi haka ne don kada mutane su bar aiki. Hujjar tana da wurin zama ga mai ɗa ɗan shekara goma. Ga mace mai ɗanyen jego ban ga ta zauna ba.

Wannan ɗaurin da aka yi wa kuɗin da abin da mutum ya bayyana yana cin 'yan'uwanmu masu sana'ar kansu, direbobin tasi da Uber, masu kai saƙo a keke, mata masu kitso a Harlem. Mai sana'ar kansa yana biyan kashi 15.3 cikin 100 na soshiyal da Medicare daga aljihunsa, shi ya sa zuciya ke raya masa ya rubuta dala 8,000 alhali ya samu 30,000. Da wannan rubutun, na yaron da zai dawo masa bai kai dala 800 ba, EITC ɗinsa ma ya ragu sosai, fanshonsa na tsufa ya tsuke, kuma ranar da ya tashi ɗauko iyali daga gida, takardar harajin nan ce za a duba a ga ko yana da ƙarfin riƙe su. Akwai kuma masu yin akasin haka, a ƙirƙiro wa matar da ba ta aiki sana'ar kitso ta bogi don a kai adadin da EITC ya fi yawa. Dukansu laifi ɗaya ne, kuma IRS ta san salon biyun.

Sai maganar mai cike takardar da ya ce ka rubuta kai kaɗai ke riƙe da gida. Kada ka yarda. Wannan matsayi na marar aure ne, ko mai auren da bai zauna gida ɗaya da abokin aurensa ba a watanni shidan ƙarshe na shekara. Kai da iyalinka ɗaki ɗaya kuke kwana, kuma hukumar shige da fice tana riƙe da takardar da ke cewa ku ma'aurata ne. Abin dariyar ma shi ne a halinka ko ribar babu: mai riƙe da gida shi kaɗai dala 23,625 ake bar masa ba haraji, ku kuwa 31,500, kuma EITC ɗinsa ya fi saurin ƙarewa. Dabarar tana "aiki" ne a gidan da miji da mata duk ke da albashi, a raba su a takarda, kowa ya ɗauki yaro ɗaya ya zama ƙaramin mai samu. Mutumin ya saba yi wa kowa haka ne, ko duba lambobinka bai yi ba. Wannan kaɗai ya isa ka nemi wani.

'Yar'uwar wannan dabara ita ce aron yaro, kuma ina roƙonka tun yanzu ka ɓoye katin jaririn nan kamar yadda kake ɓoye fasfo. Za a zo maka, wataƙila ɗan'uwa ne na jini, a ce tunda wane ba shi da yaro a nan kuma ana cire masa haraji da yawa, a ba shi lambar a raba kuɗin. Na taɓa zama da wani bawan Allah da ya yi wa abokinsa irin wannan alfarma shekara ɗaya, shekara ta biyu ya zo sa ɗansa, kwamfuta ta ƙi karɓa saboda abokin ya riga shi, bai ko gaya masa ba. Aka shiga aika wasiƙu, IRS na neman takardar asibiti da ta haya da ke nuna inda yaron yake kwana. Uban ya ci nasara, amma bayan watanni, abokin kuma aka ce ya dawo da kuɗin da tara da kuɗin ruwa. Kayan aro ba ya rufe katara. Wanda aka samu da ganganci ana hana shi rangwamen shekara 2, wanda aka samu da zamba shekara 10, kuma mai neman zama ɗan ƙasa wata rana zai amsa tambaya a kan harajinsa ƙarƙashin rantsuwa. IRS na ba da wata lambar sirri mai alƙaluma shida, IP PIN, da ke hana wani cike takarda da lambarka ko ta ɗanka. Kyauta ce, ka nema.

Ba wai uba ne kaɗai zai iya sa yaro ba. Kaka, yaya, kawu ko gwaggo na iya sa shi in da gaske a gidansu ya zauna fiye da rabin shekara. Idan kuma aure ya mutu, wanda yaron ya fi kwana a wurinsa shi ke da haƙƙi, sai dai in ya sa hannu a fom 8332 ya bar wa ɗayan na 2,200 ɗin. EITC ba ya bin wannan fom, yana nan inda yaron ke kwana.

'Yarka ta Kumasi, amsar ba mai daɗi ba ce. Ko da kai ke biyan makaranta da abinci da ɗinkin salla, ba za ta shiga ba. Na 2,200 yana buƙatar yaron ya zama ɗan ƙasa ko mazaunin Amurka a doka, yana da soshiyal, kuma ya zauna tare da kai fiye da rabin shekara. Akwai ƙaramin rangwame na dala 500 na sauran waɗanda mutum ke ɗauke da nauyinsu, amma shi ma sai ɗan ƙasa ko mazaunin Amurka. Kuɗin da kake aikawa gida lada ne da sauke nauyi, ba ya rage haraji, haka ma ragon suna. Ranar da Allah ya nufa ta zo ta samu lamba, ta yi fiye da wata shida a gidanka cikin shekarar, za ta shiga har zuwa shekarar da za ta cika 17. A shekarar da yaro ya cika 17 yake fita, ko da a watan Disamba ya cika.

Wannan ya shafi jaririn ma nan gaba. Yawancinmu kan kai yaro gida wajen kaka bayan yaye, don ya samu tarbiyya da harshe da karatun allo, uwa kuma ta koma aiki. Shawara ce ta iyali, ba ruwan mai haraji da ita, amma ku san farashinta: shekarar da yaron ya yi fiye da rabinta a hannun kakarsa, zamansa ɗan ƙasa bai isa ya sa ka karɓi 2,200 ko EITC a kansa ba. Abin da zai iya rage maka shi ne na 500, in kai ke ɗauke da fiye da rabin ɗawainiyarsa.

Idan mai jego ta fara aiki kuka fara biyan mai reno, akwai rangwame na uku, na kuɗin reno. Ana lissafa shi a kan abin da bai wuce dala 3,000 ba ga yaro ɗaya, 6,000 ga biyu ko fiye. A 2025 kashi 20 zuwa 35 cikin 100 ne gwargwadon albashi, daga 2026 na masu ƙaramin ƙarfi ya hau har 50. Sai dukanku kuna aiki, ko ɗaya yana karatu na cikakken lokaci, kuma fom 2441 yana neman suna da adireshi da lambar harajin mai renon. Maƙwabciyar da ake ba tsabar kuɗi a hannu kuma ba ta son sunanta ya shiga takarda, ba za ku samu rangwamen ba sai kun rubuta sunanta. Shi wannan rage bashi kawai yake yi, ba a dawo da rararsa.

Game da lokacin da kuɗin zai shigo, kada ka ci bashi da sunansa a watan Janairu. Tun dokar 2015, duk takardar da ke da EITC ko rarar kuɗin yaro ba a sakin kuɗinta kafin tsakiyar Fabrairu, yawanci sai ƙarshen watan ko farkon Maris yake faɗawa asusu. Shagunan da ke cewa za su ba ka nan take rance suke ba ka, su cire nasu daga baya. Ka sa lambar asusun bankinka, ba na mai cike takardar ba. Duk mai cike takarda don kuɗi dole ya sa hannu ya rubuta lambarsa ta PTIN, wato lambar rajistar da IRS ke ba masu wannan sana'a. Wanda ya ce kai ka sa hannu kamar da kanka ka cike, ko ya ce ladansa kaso ne daga abin da zai dawo, tashi ka bar masa kujerarsa. Da albashinka ma ba ka buƙatar biyan kowa, domin cibiyoyin VITA, masu aikin sa kai da IRS ta horar, suna cikewa kyauta a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa. Ka tafi da W-2, katunan soshiyal na ku ukun, katin shaida, da ita kanta mai jegon, tunda takardar haɗin gwiwa sai da sa hannunta.

Abu biyu kuma na bayan haka. Ka karɓi sabon fom W-4, wanda da shi ake lissafa harajin da za a riƙa tsakura daga albashinka, a wurin aiki ka rubuta yaron a mataki na 3, albashinka na kowane mako zai ɗan ƙaru maimakon gwamnati ta riƙe maka kuɗin madara da kunzugu har shekara ta zagayo. Wasu sun fi son a tara musu su karɓa a dunƙule kamar adashi, wannan zaɓinka ne. Sannan ɗanka ya faɗo cikin yaran da aka haifa daga 1 ga Janairu 2025 zuwa ƙarshen 2028, waɗanda in 'yan ƙasa ne masu soshiyal gwamnati za ta zuba musu dala 1,000 a wani asusun jari da ake kira asusun Trump. Ba kuɗin kashewa ba ne, hannun jarin kamfanonin Amurka ake saya da shi, ba a taɓawa sai yaron ya kai 18. Ba ya buɗe kansa, sai ka nema da fom 4547, kuma ana iya haɗa shi da takardar harajin. In kana da tambaya a kan halaccin irin wannan jarin, ka kai wa malaminka kafin ranar da za ka je cikewa, don a yi komai zama ɗaya.